Tallafin Kuɗi Wajen Ceton Namun Daji: Misalin Raƙuman Dawa na Kure

Gabatarwa

Tallafi shi ne kuɗin da wata gwamnati ko gidauniya ke bayarwa domin gudanar da wani aiki na musamman, ba tare da an mayar da shi ba. Mai neman sa yakan rubuta bayanin aikin da abin da zai ci, sannan ya riƙa gabatar da rahoto har wa'adi ya cika. Da irin wannan kuɗi ake gudanar da ayyuka da dama na ceton namun dajin da ke gab da ƙarewa, kuma daga cikin masu bayar da shi akwai Asusun Muhalli na Duniya wanda aka kafa a 1991. Domin a fahimci yadda aikin yake, za a duba misalin raƙumin dawa a Jamhuriyar Nijar.

Yadda Matsalar Ta Faro

A farkon ƙarni na 20, raƙumin dawan Afirka ta Yamma ya bazu tun daga Senegal har zuwa Tafkin Chadi. Sannu a hankali farauta da sare itatuwa da faɗaɗa gonaki, gami da farin shekarun 1970 da 1980, suka yi masa mummunar illa. Zuwa 1996, guda 49 kacal suka rage, dukkansu a yankin Kure, mai nisan kimanin kilomita 60 daga Yamai.

Inda Kuɗin Ke Tafiya

Na farko shi ne ƙidaya. Kowane raƙumin dawa yana da zanen fatarsa daban, don haka akan ɗauki hotonsa a san shi ɗaya-ɗaya. Na biyu shi ne tsaro da hana farauta. Na uku kuwa, wanda ya fi muhimmanci, shi ne tallafa wa mutanen yankin. Dabbobin ba a killace suke ba, suna yawo ne cikin gonaki, har sukan ci wake da mangwaro. Manomin da ake yi wa ɓarna ba zai so dabbar ba sai in yana cin moriyarta. Saboda haka aka haƙa rijiyoyi, aka bayar da ƙananan rance, aka kuma horar da 'yan ƙauye su zama jagororin masu yawon buɗe ido.

Kwalliya ta biya kuɗin sabulu, domin zuwa 2018 yawansu ya haura 600. A wannan shekarar aka kwashe guda 8 zuwa gandun dajin Gadabeji a Jihar Maraɗi, don kada cuta ko fari su hallaka su duka a wuri guda.

Kammalawa

Duk da wannan nasara, aikin yana da rauni. Tallafi yana da wa'adi, ita kuwa dabba tana bukatar kulawa ta dindindin. Haka nan harin da aka kai Kure a 2020, inda mutum 8 suka rasa rayukansu, ya durƙusar da yawon buɗe ido, jagorori suka rasa abin yi. Darasin da ke nan shi ne, kuɗin waje yana iya fara aiki, amma ɗorewarsa tana hannun gwamnati da al'ummar da ke zaune tare da dabbar.