Ko Ka San Sai Ƙwai Ya Rage Nauyi Kafin Ɗan Tsako Ya Fito?

Duk wanda ya sayi injin ƙyanƙyasa, abu na farko da yake sa wa ido shi ne zafi. Ya ga allo ya nuna digiri 37.5, hankalinsa ya kwanta, ya shiga lissafin kwana 21. Ranar da ake jira ta zo, ƙwai talatin su ba da 'yan tsaki goma, sauran su zama baragurbi. Idan aka fasa su kuma, sai a tarar da 'yan tsaki cikakku, da gashi da baki da ƙafafu, sun mutu saura ƙiris su fito. Sau da yawa ba zafi ne ya kashe su ba, danshi ne.

Ko ka san ɓawon ƙwai ba a toshe yake ba? Akwai ƙananan kafofi dubbai a jikinsa, daga kimanin 7,000 zuwa 17,000, waɗanda ido ba ya gani. Ta nan iska ke shiga ɗan tsako ya shaƙa, ta nan gurɓatacciyar iska ke fita, ta nan kuma ruwan cikin ƙwai ke tsiyayewa a hankali a matsayin tururi. Kusan kashi uku cikin huɗu na abin da ke cikin ƙwai ruwa ne, kuma dole wani sashe ya fita. Daga ranar da aka sa ƙwai zuwa kwana na 18, ana so ya rasa kashi 11 zuwa 13 cikin 100 na nauyinsa. Saboda haka aikin mai inji ba hana ƙwai bushewa ba ne. Aikinsa ya daidaita saurin bushewar.

Dalilin yana can gefen ƙwai mai faɗi. A wurin akwai ɗan gurbin iska tsakanin ɓawo da tantanin ciki. Gwargwadon ruwan da ya fita, gwargwadon girman da gurbin ke yi. Wajen kwana na 19 zuwa 20, ɗan tsako yakan huda tantanin da bakinsa, ya cusa kai cikin gurbin, ya ja numfashinsa na farko da huhu. A lokacin ne, idan ka kasa kunne kusa da injin, za ka ji kukansa alhali ɓawon bai tsage ba. Da wannan 'yar iskar yake samun ƙarfin da zai fasa ɓawo.

Idan danshi ya yi yawa a makonnin farko, ruwa ba zai fita sosai ba, gurbin ya tsaya ƙarami. Ɗan tsako ya huda tantani ya tarar da ruwa maimakon iska, ya shaƙe. Waɗanda suka tsira kan fito a kumbure, jiki sanyi ƙalau, cibiya ba ta rufe ba. Idan kuma danshi ya yi kaɗan, ruwa ya fita fiye da kima, ɗan tsako ya ƙanjame, tantani ya bushe ya manne masa a gashi, ya kasa juyawa balle ya zagaye ɓawon da sara.

To, nawa ne daidai? Ga ƙwan kaza, daga kwana na 1 zuwa na 18 ana neman danshi wajen kashi 50 zuwa 55 cikin 100. Daga kwana na 18 sai a daina juya ƙwai, a ɗaga danshin zuwa kashi 65 ko 70, a bar shi haka har a gama ƙyanƙyasa. An ɗaga shi ne domin da zarar ɓawo ya tsage, iska za ta taɓa tantani kai tsaye, kuma ana so ya zauna da laushi har ɗan tsako ya gama fita.

Sai dai waɗannan lambobi ba su san watan da kake ciki ba. Injin yana jan iskar ɗakin da aka ajiye shi ne, ya ɗumama ta, kuma iska in ta yi ɗumi takan ƙara ƙishin ruwa. A Kano ko Damagaram, lokacin hunturu danshin iska kan sauka ƙasa da kashi 20, a watan Agusta kuwa yakan haura kashi 70. Kowa ya san wankin da ke bushewa kafin azahar a hunturu yakan kwana a kan igiya da damina. Haka ƙwai yake. Ruwan da ya wadatar da injinka a watan Janairu zai iya yi masa yawa a tsakiyar damina, har wasu masu kiwo kan rage ruwa ƙwarai a kwanakin farko idan ruwan sama ya kankama. Wanda ya riƙe awo ɗaya shekara zagaye, dole wani lokacin ya yi asara.

Wani abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, faɗin fuskar ruwa ke kawo danshi, ba zurfinsa ba. Kofi cike da ruwa ba zai kai faranti mai faɗi da ɗan ruwa a ciki ba. Zurfi yana taimakawa ne kawai kada ruwan ya ƙare da wuri. In kana son ƙarin danshi, ka cika wani ramin ruwan da ke ƙasan injin, ko ka ƙara faranti, ko ka sa soso mai tsabta ko tsumma a jiƙe. In kana son ragewa, ka kwashe ruwan rami ɗaya ko ka rufe rabin farantin. Ka riƙa zuba ruwa mai ɗumi, don mai sanyi yakan saukar da zafin injin. Kada kuma ka toshe kafofin iska wai don danshi ya tsaya. A kwanaki ukun ƙarshe 'yan tsaki suka fi bukatar iska, toshe kafofin kuwa shaƙe su ne.

Ma'aunin danshi ma yakan yi ƙarya, musamman mai araha. Kana iya gwada naka da gishirin girki. Ka cika murfin kwalba da gishiri, ka ɗiga ruwa kaɗan ya jiƙa ba tare da ya narke ba, ka sa shi tare da ma'aunin cikin roba mai murfi ko leda, ka rufe ruf, ka bari ya kwana. Da safe ya kamata ya nuna kashi 75. Idan ya nuna 68, ka san bakwai yake ragewa, sai ka riƙa ƙara bakwai a duk abin da ya gaya maka.

Amma ma'aunin da ya fi kowanne gaskiya shi ne ƙwan kansa. Kafin ka sa, ka ware guda goma ka yi musu alama da fensir, ka auna su tare a ƙaramin sikeli. A ce sun ba ka giram 500. A kwana na 9 ya kamata su dawo wajen 470, a kwana na 18 wajen 440. In raguwar ta fi haka, ƙara ruwa. In ba ta kai ba, rage. Wanda ba shi da sikeli, tocila ta ishe shi. A ɗaki mai duhu ka haska gefe mai faɗi a kwana na 7, na 14 da na 18, ka zagaye iyakar gurbin iskar da fensir. Za ka ga zoben yana sauka kowane mako, har a kwana na 18 ya cinye kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙwan. Danshi ya ɗan hau ko ya sauka na 'yan sa'o'i ba abin tashin hankali ba ne a wannan zangon, jimillar ruwan da ya fita ita ce magana.

Kwanaki ukun ƙarshe kuwa sai haƙuri. Daga tsagewar farko zuwa fitowa, ɗan tsako na iya ɗaukar awa 12 zuwa 24, yana sara yana hutawa. Duk lokacin da aka ɗaga murfi don leƙe ko don a nuna wa yara, danshin da aka tara yakan tsere nan take, tantanin waɗanda suka fara tsagawa ya bushe a jikinsu. Waɗanda suka riga suka fito ba yunwa suke ji ba, domin sun haɗiye sauran gwaiduwa ta cibiya kafin su fito, za ta riƙe su kwana ɗaya zuwa biyu. A bar su su bushe a ciki.

Ƙa'idar ɗaya ce ga sauran tsuntsayen gida, kwanaki ne suka bambanta: zabo 26 zuwa 28, talo-talo 28. Kowanne ana daina juya shi, a ɗaga danshi, saura kwana uku ya ƙyanƙyashe.

Mai karatu, kafin ka sake sa ƙwai, ka tanadi littafi da fensir. Rubuta watan, da yawan ruwan da ka zuba, da nauyin ƙwai, da adadin 'yan tsakin da suka fito. In ka zagaye hunturu, bazara da damina kana rubutawa, za ka san awon da ya dace da injinka da ɗakinka fiye da takardar da ta zo cikin kwali.