Yadda za ka haɗa kyamarar tsaro da na'urar auna iskar ɗaki

Kyamarar da ka maƙala a gida za ta nuna maka wanda ya tsallako katanga, amma ba za ta taɓa nuna maka iskar kabon monoksaid ba. Wannan iska ba ta da launi, ba ta da wari. Daga janaretan da aka tayar kusa da taga take fitowa, ko daga garwashin gawayin da ake shiga da shi ɗaki lokacin hunturu. Wanda ta kayar, a bidiyo sai ka ɗauka barci yake yi.

Ita kuma na'urar auna iska lamba kawai take turo maka. Za ta ce ƙurar PM2.5 ta yi sama, wato ƙwayoyin da faɗinsu bai wuce maikromita 2.5 ba, waɗanda ke shiga can cikin huhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2021 kada matsakaicinsu a awa 24 ya wuce maikrogiram 15 a kowace mita kubik. To amma me ya ɗaga lambar? Turaren wuta aka kunna, ko hazo ne ya shigo ta taga, ko tukunya ce ke ƙonewa? Na'urar ba ta sani ba. Kyamara ce za ta faɗa maka.

Haɗin ba da waya ake yin sa ba, doka ce kake rubutawa a manhaja: idan ma'auni ya wuce kaza, kyamarar kicin ta ɗauki hoto ta turo waya. Mafi sauƙi shi ne na'urorin biyu su zama na gida ɗaya, misali masu aiki da Smart Life. In kamfanoninsu daban ne, akwai Home Assistant, manhaja ce ta kyauta da ake ɗorawa a ƙaramar kwamfuta irin Raspberry Pi. Kafin ka sayi kyamara, duba kwalin ko an rubuta RTSP ko ONVIF, domin ta nan ne za ta bari wata manhaja ta ɗauki bidiyonta. Wasu kyamarorin ma, kamar na Wyze, suna gane ƙarar na'urar gargaɗin hayaƙi su sanar da kai.

Sai dai a kula. Saƙon waya ya dogara ne da wuta da intanet, kuma kowa ya san halinsu a nan. Ga shi da ƙarfe biyun dare wayarka tana iya zama a kashe. Don haka a ganina, fara sayen na'urar gargaɗin kabon monoksaid mai batir, mai ihu da kanta, kafin ka yi zancen haɗi. Yawancin na'urorin auna iska masu araha ba sa auna wannan iskar sam, kuma kada ka rikita CO da CO2: na biyun cunkoso da rashin shigar iska yake nunawa.

Wajen ɗaurawa, na'urar gargaɗi ta zauna kusa da inda ake kwana, kyamara kuma ta fuskanci kicin ko wurin janareta. Ɗakin kwana ba wurin kyamara ba ne, musamman idan ba ka canja kalmar sirrin da ta zo da ita ba. In ƙararrawa ta buga, a fitar da kowa waje tukuna, bidiyon zai jira.