Ranar Tsumma: Jan Hankali Ga Ɗaliban Mando

A ƙasashen Turawa, musamman Amurka da Ingila, daren 31 ga watan Oktoba dare ne na ɓad da kama. Yara da samari sukan yi shigar dodanni da fatalwa su zaga gari, suna kiran bikin Halowin. Mu nan ba mu gaji wannan biki ba, amma ɗalibanmu na manyan makarantu suna da tasu ranar ɓad da kamar, watau ranar tsumma, wadda suke kira Rag Day da Turanci. A ran nan sai ka ga saurayi ya sa yagaggiyar riga, ya shafe fuska da gawayi ko alli, ya fito bakin titi yana kaɗa wa masu motoci gwangwani. Daga jami'o'in Ingila aka kwaso al'adar, asalinta kuwa shi ne a tara kuɗi domin marayu da marasa lafiya da sauran gajiyayyu.

Niyyar dai ba ta da laifi. Amma ɗalibin da ke shirin fita irin wannan yawo a Mando, ko na Kwalejin Aikin Gona da Kimiyyar Dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello ne, ko na Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya da ke Afaka, wajibi ne ya tuna irin unguwar da yake ciki. Ga sansanin mayaƙan sama, ga Makarantar Horon Hafsoshin Soja a Afaka, ga hanyar filin jirgin sama, ga kuma hanyar Birnin Gwari da ta tashi daga nan. A daren 11 ga watan Maris 2021 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Gandun Daji suka yi awon gaba da ɗalibai 39, sai cikin watan Mayu aka sako na ƙarshensu. A watan Agusta na wannan shekarar kuma aka kai hari makarantar hafsoshin, aka kashe hafsoshi biyu. Mutanen da suka ga wannan da idonsu ba za su hangi ayarin samari masu rufaffiyar fuska su fara da dariya ba. Saboda haka batun rufe fuska ruf, ko ɗaukar bindigar roba, ko adda ta katako, bai ma taso ba. Kayan soja kuwa, doka ce ta hana farar hula sa su, kuma sojan da ke bakin shinge ba zai tsaya tambayar ko wasa ake yi ba.

Abin mamaki shi ne, yawancin waɗannan ɗalibai sun san yadda ake wasan ɓad da kama cikin ladabi tun suna yara, domin sun yi tashe. Idan azumi ya kai kwana goma, bayan an sha ruwa, yaro yakan manna gemun auduga, ya naɗa tsumma a matsayin rawani, ya ɗauki sanda ya zama tsoho, abokansa na biye suna amshi. Amma a lura da ƙa'idojin da ba wanda ya rubuta su. 'Yan tashe sukan yi sallama kafin su fara. Idan an ba su hatsi ko 'yan kuɗi su yi godiya, idan an ce Allah ya ba da haƙuri su yi gaba. Duk da gemun audugar, matan gida sun san ɗan wane ne, shi ma ya san an san shi, wannan ne kuma linzaminsa. Ko tashen gwauraye na Kano, mai zolayar manya, yana da shugabansa, watau Nalako, wanda za a iya kai wa ƙara. Da linzamin nan ya tsinke, 'yan daba suka riƙa fakewa da tashe suna ƙwace wa mutane wayoyi, sai da ta kai 'yan sanda suka hana shi a Kano a azumin 2025.

To, ranar tsumma ma haka take. Gwangwanin da aka miƙa wa direba roƙo ne, amma tare masa hanya da bubbuga masa mota har sai ya biya, wannan ya zama ƙwace, ko da marayu za a kai wa kuɗin. Balle a shataletalen Mando, inda tireloli da tankokin mai ke gilmawa, kuma babbar mota ba ta tsayawa nan take don wani ya daka tsalle gabanta. Bakin tasha da kasuwa sun wadatar, da rana tsaka, cikin ƙungiya, kowa da katin shaidarsa na makaranta a wuya, bayan hukumar makaranta ta sanar da ofishin 'yan sanda hanyar da za a bi da lokacin komawa. Kafin magariba a ƙirga kowa, musamman 'yan mata.

Sai batun wanda ake kwaikwayo, wanda a ganina shi ɗalibai suka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Wasan da ke tsakanin Bafulatani da Babarbare, ko Bagobiri da Bayarabe, yana da daɗi ne domin kowa na da ikon ramawa. Mahaukacin da ke kwana bakin tasha ba shi da wannan iko. Makaho ma haka, ga shi kuwa Asibitin Ido na Ƙasa yana nan Kaduna, kullum ana jawo marasa gani daga nesa zuwa can. Yaya zuciyar ɗan jagora za ta yi in ya ci karo da ɗalibi yana lalube da sanda ana shewa? Haka nan shigar Bagwari da ake yi don a ba da dariya, alhali Gbagyi su ne 'yan asalin ƙauyukan da birnin Kaduna ya haɗiye, kuma 'ya'yansu na zaune aji ɗaya da mai shigar.

Game da kuɗin, ƙungiyar ɗalibai ta liƙe bakin kowane gwangwani ta sa masa lamba, a buɗe su gaban shugaban kula da harkokin ɗalibai, sa'an nan a manna lissafin a allon sanarwa tare da sunan gidan marayu ko asibitin da aka kai wa, da takardar shaidar karɓa.