Karin Magana a Ma'aunin Shari'a: Nazari Daga Ƙasar Daura

Gabatarwa

Sandamu ɗaya ce daga ƙananan hukumomi 5 na masarautar Daura a Jihar Katsina, tare da Daura da Baure da Mai'aduwa da Zango. A nan, kamar sauran ƙasar Hausa, dattijo kan yanke gardama da karin magana guda, mai wa'azi ma kan ƙarfafa nasiharsa da ita. Wannan maƙala tana duba matsayin irin wannan zance a ma'aunin addini, domin abin da ya zauna a bakin jama'a yakan sami ƙarfin da hujja kaɗai ta cancanta.

Asalin hikima

Musulunci bai ƙyamaci gajeren zance mai ma'ana ba. Aya ta 12 ta Suratu Luƙman ta bayyana cewa Allah ya ba Luƙman hikima, kuma Annabi (SAW) an ba shi jawami'ul kalim, wato kalmomi kaɗan masu tattare ma'anoni masu yawa. Al-Maidani (ya rasu 518H) ya tara karin maganar Larabawa a Majma'ul Amsal. A Hausa kuwa, G. Merrick ya wallafa tarinsa a 1905, Kirk-Greene kuma ya fitar da Hausa Ba Dabo Ba Ne a 1966.

Rabe-rabensu

Kashi na farko shi ne wanda ya dace da nassi kai tsaye, kamar "Ramin ƙarya ƙurarre ne" da "Mahaƙurci mawadaci". Amfani da su a wa'azi yana kusantar da ma'ana ga fahimtar mai sauraro.

Kashi na biyu yana siffanta halin duniya ne, ba ya umarni da komai. "Sarki goma, zamani goma" yana da shaida a tarihin Daura: a farkon ƙarni na 19 Malam Isiyaku ya karɓi garin da tutar jihadi, tsohon gidan sarauta ya koma Zango da Baure, sannan a farkon ƙarni na 20 sarautar ta dawo hannun Malam Musa. Kuskure yana shigowa idan aka mayar da siffantawa izini. "In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya" gaskiya ce a fagen makaɗa, amma ɗan siyasar da ya fake da ita ya saɓa alkawari ya ɗora mata nauyin da ba nata ba, domin cika alkawari wajibi ne.

Kashi na uku yana buƙatar ƙaidi. "Bin na gaba bin Allah" ya inganta a cikin abin da yake ma'arufi, amma Sunna ta tabbatar da cewa ba a biyayya ga shugaba cikin saɓon Allah. Haka "Hali zanen dutse": in an ɗauke shi a sake, tarbiyya da tuba sun zama wahalar banza. Imam al-Gazali (ya rasu 505H) ya yi raddi a Ihya'u Ulumid Din ga masu cewa ɗabi'a ba ta sauyawa, yana kafa hujja da cewa da haka ne, da wa'azi da horo ba su da amfani.

Haɗarin jinginawa

Mafi muni shi ne ɗaukar zance mai daɗi a jingina shi ga Annabi (SAW). Maganar nan da ta shahara cewa son ƙasa yana daga imani, As-Sagani (ya rasu 650H) ya lissafa ta cikin ƙagaggun hadisai. Daɗin lafazi ba ya maye gurbin isnadi.

Kammalawa

Ya kamata ɗalibi ya yi tambayoyi uku kafin ya kafa hujja da hikima: wa ya faɗe ta, siffantawa take yi ko umarni, kuma wane nassi ne ya ƙarfafa ta ko ya ƙayyade ta. Wadda ta tsallake waɗannan a riƙe ta, wadda ta gaza a gyara fahimtarta a gaban jama'a. Allah ne mafi sani.