Amfilifaya Mai Ƙarancin Hayaniya: Magatakardan Farko a Cikin Wayar Hannu

Gabatarwa

Duk wanda ya ziyarci Hubbaren Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato zai tarar da cincirindon maziyarta, galibinsu riƙe da wayar hannu. Maƙasudin wannan maƙala shi ne bayyana wata 'yar na'ura da ke cikin waɗannan wayoyi, wadda ingancin saƙo ya rataya a wuyanta, watau amfilifaya mai ƙarancin hayaniya.

Aikin Na'urar

Saƙo yakan iso eriyar waya a raunane ƙwarai, don haka dole a ƙara masa ƙarfi kafin a iya karanta shi. Matsalar ita ce, kowace na'urar lantarki tana haifar da hayaniyar kanta, domin zafi yana kaɗa ƙwayoyin lantarkin da ke cikinta. A shekarar 1944, masani Harald Friis ya nuna cewa idan aka jera amfilifayoyi, hayaniyar ta farko ita ce ta fi ɓarna, tunda duk na bayanta za su ƙara wa saƙon ƙarfi ne tare da hayaniyar da ta zuba masa.

Alal misali, littattafan Shehu, wanda ya rasu a 1817, da hannu aka riƙa kwafarsu. In magatakardan farko ya yi kure, duk mai kwafa daga gare shi zai gaji kuren, komai kyan rubutunsa. To, wannan amfilifaya ita ce magatakardan farko.

Zango Mai Tsawon Milimita

Masu sauraren rediyo sun san gajeren zango, wanda ake auna tsawonsa da mita. Akwai kuma zangon da ake aunawa da milimita. Na gigahaz 28 bai kai milimita 11 ba, na gigahaz 39 kuwa bai kai 8 ba. Irin wannan zango yana ɗaukar saƙonni masu ɗimbin yawa a lokaci guda, shi ya sa ya dace da wuraren cunkoso irin su Hubbare. Sai dai ba ya nisa, kuma bango, ko ma tafin hannun mai waya, yana iya tare shi. Lasisin 5G da hukumar NCC ta yi gwanjonsa a Disambar 2021, wanda MTN da Mafab suka samu, na gigahaz 3.5 ne, mai tsawon kusan santimita 9.

Na'ura Ɗaya, Zango Da Yawa

Ƙasashe sun bambanta wajen zaɓen zango. Amurka ta ɗauki gigahaz 28 da 39, ƙasashen Turai kuwa suka raja'a ga 26. Ba wa kowane zango amfilifayarsa yana cin wuri da kuɗi. Saboda haka injiniyoyi suke ƙera guda ɗaya mai ƙananan makunnai, waɗanda ke sauya ta daga wannan zango zuwa wancan. Amma kowane makunni yana rage wa saƙo ƙarfi, ya kuma ƙara hayaniya. Dabara ita ce a kauce wa ɗora makunnan a ƙofar shigowar saƙo, a mayar da su baya, inda saƙon ya riga ya yi ƙwari.

Kammalawa

A taƙaice, mai ƙera wannan na'ura yana auna abubuwa uku ne: ƙarancin hayaniya, da yawan zango, da tattalin batir. Ana iya sassautawa a kan biyun ƙarshe, amma abin da aka ɓata a matakin farko, babu matakin da zai gyara shi.