Kent, Bingham da Gowans: Sunaye Uku a Bayan Cocin ECWA

Ɗalibin da ke bin hanyar Kwanar Ɗangora zuwa Tudun Wada da Doguwa ya sha ganin allo mai haruffa huɗu, ECWA, a gaban wani coci. Watakila ma abokin zamanka a aji can yake zuwa ranar Lahadi. To daga ina cocin ya samo asali?

Ranar 4 ga Disamba, 1893, wasu samari uku suka sauka a Legas: Walter Gowans da Rowland Bingham daga Kanada, da Thomas Kent daga Amurka. Nufinsu su kai bishara ƙasashen da Turawa ke kira Sudan a lokacin, ciki har da ƙasar Hausa. Zazzaɓi ya kwantar da Bingham, aka bar shi a Legas. Sauran biyun suka nausa arewa. Gowans ya rasu a Girku, a ƙasar Zazzau, Kent kuma a Bidda, duk a 1894.

Da wani ne, da ya haƙura. Bingham ya sake zuwa a 1900, zazzaɓi ya sake kora shi gida. Sai a 1902 ƙungiyarsa, SIM, ta samu wurin zama a Fategi. Kano kuwa sai a shekarun 1930, domin Turawan mulki sun daɗe suna hana 'yan mishan aiki a masarautun Musulmi. Da suka samu shiga, sun yi aikin jinyar kutare, suka buɗe asibitin ido na Kano, suka kuma shiga ƙauyukan Maguzawa.

A 1954 majami'un da suka fito daga wannan aiki suka haɗu suka zama ECWA, ragama ta fara komawa hannun 'yan ƙasa. Hedkwatarta tana Jos. Kowace majami'a tana da dattawan da ke tafiyar da ita tare da fasto, tsarin da ya yi kama da na cocin Firesbiteriyan, wanda ya kafu a Kalaba tun 1846.

Yawancin tunawar da ake yi da mutanen uku a sunaye take. Makarantar Kent Academy da ke Miyango, a Jihar Filato, sunan Kent ta ci. Jami'ar Bingham da ke Karu, wadda ECWA ta kafa a 2005, tana yaye likitoci, abin da ya dace da sunan mutumin da zazzaɓi ya kayar sau biyu. Gowans kuwa kabarinsa yana nan a Girku, kuma mabiya cocin kan kai masa ziyara.