Ciwon dajin hanji: darasi daga ƴan Hisfanik na Amurka

Yau za mu yi bayani bisa ciwon daji na babban hanji da dubura. Cuta ce mai soma wa mutum a ɓoye. Da fari ɗan tsiro ne ke fitowa cikin hanji, ya yi shekaru yana girma, sannan ya zama daji.

A ƙasar Amurka akwai mutanen da ake ce ma ƴan Hisfanik. Asalinsu daga ƙasashe masu jin Sifaniyanci ne, kamar Meksiko da Kuba. A ƙidayar 2020 sun kai miliyan 62. Wasu a Amurka aka haife su, wasu kuwa baƙi ne da suka zo neman abinci.

Likitoci a jahar Kaliforniya sun duba takardun masu wannan ciwo cikinsu, sun fitar da sakamako a 2014. Sun gano mazauna unguwannin talakawa sun fi mutuwa da shi bisa ga mazauna unguwannin masu hali. Mi ya kawo haka? A Amurka magani yana da tsada ƙwarai. Talaka yakan rasa takardar inshorar lafiya, kuma in ya bar aiki wuni guda ya rasa kuɗin wunin. Sai ya jinkirta zuwa awo har cuta ta yi nisa.

Wurin haihuwa ma yana da nasa tasiri. Cikin takardu, waɗanda aka haifa a waje sukan fi jimawa da rai bisa ga haifaffun Amurka. Masana na ba da dalilai: baƙi sun fi riƙe abincin gida irin wake da masara, kuma dangi na taimakon juna. Akwai kuma waɗanda in ciwo ya tsananta sai su koma ƙasarsu, su rasu can, ba a rubuta mutuwarsu a Amurka ba.

Babban abin lura shi ne lokacin da aka gano cutar. In an gano ta tun ba ta fita daga hanji ba, wajen mutum 9 cikin 10 suna da rai bayan shekara 5. In ta bazu zuwa hanta ko huhu, ba su kai 2 cikin 10 ba. Shi ya sa tun 2021 ake shawartar mutanen Amurka su soma awon hanji daga shekara 45.

Wannan ciwo bai san iyakar ƙasa ba. Mu lura da alamunsa: jini cikin bayan gida, zawo ko taurin ciki da ya ƙi ƙarewa, ciwon ciki, da rama babu dalili. Kar mu ce basir ne kawai mu zauna gida. Mu tafi likita da wuri, mu kuma taimaki ɗan uwan da ba shi da kuɗin mota ya je.